Ruwan da Ke Ƙarƙashin Alli

Talata, Swaffham, yayyafi tun asuba.
Na ɗaga murfin burtsatse ta goma sha bakwai
a gefen gonar Desmond Thirtle,
na zura igiyar awo.
Ta yi ƙara a mita arba'in da ɗaya.
Can ruwan yake kwance,
cikin farin alli mai tsaga kamar kaushin diddige.

Aikina ke nan, raba ruwa aji-aji.
Wannan na sha ne, a kai shi famfon gari.
Wannan na ban-ruwa, dankali ba ya zaɓe.
Na bakin teku gishiri ya riga mu,
a bar shi inda Allah ya ajiye shi.
Sai tambayar da ke hana ni barci:
mene ne tsakanin ruwan da ɓarnarmu?
Inda yumɓu ya yi kauri, in shafa kore a taswira.
Inda alli ya kwana ba mayafi,
ƙasar samansa ba ta kai kamu biyu ba,
in shafa ja.

Thirtle ya jingina da shinge,
karensa yana sansanar kwalabena.
"Ladidi, wane launi kika ba ni?"
Na ce ja.
Ya cire hula, ya mayar.
"Shekara tara ban wuce ƙa'idar taki ba.
Ina da takardu."

Na san yana da su. Na gani.
Ta ina zan faro in gaya masa
abin da ke cikin kwalbar ba nasa ba ne?
Takin zamani tafiyar hawainiya yake yi cikin alli,
taku guda a shekara, wata shekarar bai kai ba.
Wanda ya iso yau, mahaifinsa ne ya watsa shi
lokacin Desmond na ɗan yaro a bayan tarakta.
Tsohon ya shekara goma sha ɗaya kwance bayan coci,
takinsa kuwa sai yanzu ya yi sallama.

Kakana Jatau ya haƙa rijiyoyi a Bakori,
bai taɓa riƙe taswira ba.
In ya tarar da ruwa sai ya ɗiba a tafi,
ya kurkure baki, ya tofar:
"Zartsi ne, a yi wanki."
Wata rijiyar: "Da kanwa, a ba shanu."
Wata kuwa ba ya magana,
haɗiyewa kawai yake yi, mata su rangaɗa guɗa.
Shi ma aji uku gare shi.
Ya yi damina biyu ba ya gaisawa da amininsa
don ya gina marina kusa da rijiyar unguwa.

Da Thirtle ya juya baya yana kiran kare,
na yi abin da littafin aiki ya hana.
Na ɗiba a tafi, na kai baki.
Sanyi ƙalau. Garai-garai. Ba wari, ba bauri.
Da Jatau ne a nan da ya haɗiye,
da an yi guɗa.
Wannan ya fi komai tsorata ni,
gurɓatar da ta san yadda ake ɓoye wa harshe.

Ya dawo da shayi kofi biyu.
"To wanda na zuba bana fa?"
Na ƙirga da yatsu, na faɗa masa shekarar.
Ya dubi taga inda jikarsa Bryony
take manna hanci a gilashi.
"Ashe ita za ta sha ni."
Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Na rubuta lamba a kwalba, na sa cikin ƙanƙara.
Saura burtsatse shida kafin magariba.
A aljihuna koren fensir yana nan da tsawonsa,
jan kuwa ya kusa ƙin kamuwa.